Jan Zakara Mai Koriyar Hula

Ranar Lahadin da Likita Hilario ya mai da ni maƙaryaci, ko kunyar furfurata bai ji ba. A gaban kowa ya yi, a teburinmu na kasuwar Lagunilla, yana haska abin da na fi so a duniya da tocilarsa mai shuɗin haske kamar yana neman rami a haƙori, dama sana'arsa ke nan.

"Don Anselmo, wannan fentin ƙofa ne," in ji shi. "Dubi yadda yake shan hasken. Na kamfani ba haka yake yi ba. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya shafa."

Bai ce ni ne wanin ba, amma duk idanun teburin a kaina suka sauka.

Mu goma sha ɗaya ne a teburin nan, kowace Lahadi, shekara ashirin da biyu ke nan. Kowa da kujerarsa ta naɗewa da yake zuwa da ita a hammata. Manyan mutane ne, wasu har da jikoki, abin da ya tara mu kuwa 'yan kokawa ne na roba, irin waɗanda ake zubewa a bakin titi lokacin muna yara: tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, kai da fuska a rufe da hula kamar yadda 'yan kokawarmu ke shiga fili. Masu gwanjo da ke gefenmu suna ce mana tsofaffi masu wasan 'yar tsana. Su yi ta faɗa. Mu ba kowane muke nema ba, wanda ya saɓa wa 'yan uwansa muke nema: wanda takalminsa ya fito rawaya maimakon baƙi, wanda aka zuba da roba mai taushi, wanda ke da ɗan ɗigo a tafin ƙafar hagu. Na san mutumin da ya shekara bakwai yana neman ɗigon nan, ranar da ya samu kuka ya yi a tsakiyar kasuwa.

Ni aski nake yi a unguwar Obrera, kuma ina da ɗari biyu da ɗoriya a jere saman madubin shago. Amma ba don su ake gaishe ni ba, guda ɗaya ne ya yi mini suna. Akwai wani ɗan kokawa da ƙaramin kamfanin Tres Palomas ya riƙa zubawa kafin ya rufe, ana ce masa Jan Zakara, hularsa ja wur da zanko a ka. Kowa ya san haka, har wanda bai san komai ba. To nawa hularsa koriya ce shar, kuma ba a taɓa ganin na biyunsa ba. An zo daga Monterrey don a gan shi. Wani ma daga Japan ya zo, ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai tsada ya ɗauki hotonsa. A unguwa ni Anselmo ne mai aski, wanda matarsa ta tafi ta bar shi da robobi. A Lagunilla kuwa ni ne Don Anselmo mai Kore, idan na iso har miƙewa ake yi a matsa mini.

Likita ya shekara shida yana rubuta kundin duk 'yan kokawar da aka taɓa zubawa a ƙasar nan, da hotunansu da bambance-bambancensu. Saura mako ɗaya ya kai wa masu bugawa. A ƙarshen kundin akwai shafin da ya ware wa jabu, can yake shirin saka zakarana, da sunana a ƙasa. Kuma teburinmu yana da doka: duk wanda ya kawo abin da aka sake wa fenti ya ce na asali ne, ya naɗe kujerarsa ya tafi, ba dawowa. Abin haushin, ni na kawo dokar nan da bakina shekara goma da suka wuce, ina ta kumfar baki a kan wani bawan Allah da muka kora.

"Babana ne ya sa mini shi a takalmi," na ce. "Ranar Sarakuna, da ake ajiye wa yara kyauta bayan Kirsimeti, shekarar saba'in da takwas, ina ɗan shekara bakwai. Shi ma maƙaryaci ne?"

"Allah ya ji ƙan mahaifinka, ba da shi nake ba," in ji Likita. "Ni tocila ce ta gaya mini. Kawo shaida Lahadi mai zuwa, in cire hulata in ba ka haƙuri a nan inda nake tsaye. In babu, ai ka fi kowa sanin doka, kai ka yi ta."

Litinin ban buɗe shago ba. Na zazzage akwatunan marigayiya mahaifiyata ina neman hoto, ko da daga nesa ne, inda za a hango koren a hannuna ina yaro. Babana ɗan dako ne a kasuwar Merced, ina shi ina ɗaukar hoto? Uku na samu: na aurensu, na baftismata, da wani na kawuna a kan jaki. Talata na buɗe, hankalina ba ya wurin, na tsaga wa wani dattijo kunne. Shekara talatin ina aski ban taɓa fitar wa mutum jini ba sai ranar.

Da yamma kompadre Nabor ya leƙo. Shi ne uban baftismar 'yata, shi ya sa muke kiran juna kompadre, kuma ɗan teburinmu ne. Ya hau kujerar aski ba don aski ba.

"Kompadre, tsakanina da kai," ya ce, yana kallon madubi maimakon ya kalle ni. "Ɗan shekara bakwai yana iya tsoma abu a gwangwanin fenti ya manta. Ba wani laifi ba ne. Ka ce haka aka yi, mu taru mu roƙi Likita a bar ka da kujerarka."

"Har da kai, Nabor?"

"Haba, ni ai naka ne. Amma na ga hasken nan da idona."

"To sauka mini daga kujera, akwai masu jira."

Babu kowa a shagon sai mu biyu. Ya sauka ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, bayan fitarsa ni ma sai na fara tuhumar kaina. Na sauko da zakaran na yi ta juya shi. Safiyar nan tana nan tsaf a kaina: sanyin siminti a ƙafata, takalmina a bakin ƙofa, koren kai yana leƙowa daga ciki. Amma mutum goma sun dube ni da ido ɗaya, sai na ji kamar mafarki na yi na riƙe shi gaskiya. Tsoro ya kama ni sosai. Idan aka kore ni daga teburin nan, ban san abin da zan yi da ranakun Lahadi ba, ban ma san abin da zan riƙa jira sauran kwana shida ba.

Laraba na bi tsofaffin masu sayar da kayan wasa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tura ni wurin wancan, har na kai ga Don Cutberto, wanda ya shekara da shekaru yana zuba roba a Tres Palomas. Na same shi zaune a ƙofar gidan 'yarsa da ƙafa ɗaya, ciwon suga ya cinye ɗayar. Na buɗe gidan tabarau da nake ajiye zakaran a ciki, kwance a kan auduga. Tsohon ya leƙa, ya kwashe da dariya har da tari.

"Zubina ne wannan, ga ma inda ƙarfen zubin ya tsage a hammata. Amma kore? Wannan zakaran ba shi da lafiya."

"Don Cutberto, don Allah, a kamfani aka yi masa fentin nan?"

"Wane kamfani? Rumfa ce da inji ɗaya. Mu zubi kawai muke yi, tsirara suke fita. Buhu-buhu ake kai wa mata a unguwar Neza, can bayan gari, su yi musu fenti a gida. Zakaru kuwa na Otilia ne, ba a ba kowa sai ita, don ita kaɗai ke zagaye idon da baƙi ba tare da ta taɓa farin ba."

"Tana raye?"

"Ni ina na sani? Ni kaina da ƙyar nake. Gidan dai yana bayan wata coci, kusa da inda tankar ruwa ke tsayawa."

Wanda ya san Neza ya san abin da ya ba ni daidai yake da babu. Tituna ne miƙe sambal, duk kamarsu ɗaya, kowane da cocinsa, tankar ruwa kuwa ta daina zuwa tun kafin a haifi rabin mutanen wurin. Duk da haka can na yi Alhamis, can na yi Juma'a. Na shiga kantuna, na tsai da tsofaffin mata a hanya, na ƙwanƙwasa wa limaman coci ƙofa suna cikin cin abinci. Otilia uku na samu. Ta farko ta rasu bara kuma ɗinki take yi, ta biyu shekararta ashirin, ta uku ta sakar mini kare. Juma'a da la'asar ƙafafuna suka yi bororo, na zauna a gefen titi na cire takalmi na haɗa kai da gwiwa. Wata mata ta miƙo mini burodi, ta ɗauka mabaraci ne. Na karɓa na cinye.

Asabar da hantsi, saura kwana ɗaya, na koma ba don ina sa rai ba, sai don zaman shago ya gagare ni. Kirsimeti ya matso, an fara baje 'yan tumaki da jakuna da makiyaya na yumɓu da ake jerawa a gidaje. Ina wucewa ta gaban wani tebur sai wani jaki ya kalle ni. Na dawo da baya na ɗauke shi. Farin ido ne da baƙin zagaye, ja ɗaya na burushi, an fara daga sama an rufe a gefe da ɗan wutsiya siriri. Idon zakarana ne sak. Shekarun da na ɓata ina ƙura wa robobi ido, ranar suka yi mini amfani.

"Wa ke yi wa waɗannan fenti?" na tambayi mai teburin.

"Doña Oti ce, tsohuwa Otilia. Layi na uku, gida mai baƙar ƙofar ƙarfe. Za ka saya ko za ka yi ta shafa shi ne?"

Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce ta buɗe mini, da tabarau mai kauri, gaban rigarta duk ɗigon fenti. A teburin tsakar ɗaki ga tumakin yumɓu a jere suna bushewa, ga gwangwanaye, ga burushi a cikin kofi. Ina shiga idona ya sauka kan ƙofar ciki, ta katako, wadda ke fita tsakar gida. Ta sha rana ta sha hannu, amma koriya ce, kuma koren nan ne da nake kwana da shi nake tashi da shi shekara arba'in da shida. Sai da na dafa bango.

"Lafiya, ɗana? Zauna, kada ka faɗi mini a ɗaki."

Na zauna na buɗe gidan tabaran. Ta goge hannunta a riga kafin ta ɗauka, ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Ina ka samo wannan?"

A nan na fara kuskure. Na so in tausasa mata zuciya, sai na fara da babana da takalmi da safiyar Sarakuna. Ban fara da tebur da kundi da tocila ba. Ta yaya za ka gaya wa 'yar shekara tamanin cewa ƙatti masu jikoki suna neman cinye junansu a kan launin hular roba? Na ce a raina in ta saki jiki sai in zo kan wannan.

"Ɗaya ne daga cikin shidan da suka tsere," ta ce a hankali, ta zauna. "Saura kwana biyu Sarakuna jan fenti ya ƙare mini. Mai kamfani bai aiko ba. Ga buhu guda a gabana, ga yara huɗu, mijina yana kwance a asibiti. Akwai ragowar wanda muka shafa wa ƙofar can. Na ce yara ne, ina ruwansu da launi. Da mutumin ya zo ɗauka, a titi ya zazzage buhun, a gaban maƙwabta, ya ce ko makauniya ba za ta yi wannan aika-aika ba. Na bi su ɗaya-ɗaya cikin taɓo na tsince, na wanke, na sake su duka. Bai ƙara ba ni aiki ba. Shida ne ban gani ba, ashe wani mai talla ya riga ya kwashe."

Ita tana ba da labarin ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta, ni kuwa, Allah ya yafe mini, kamar in tashi in taka rawa. Kowace kalma shaida ce. Fentin ƙofa ne, Likita bai yi ƙarya ba, kuma na asali ne, ni ma ban yi ba. Har na fara laluben wayata a aljihu don in ɗauki muryarta.

"Ashe kai ne ɗaya daga cikin yaran," ta ce, tana duba fuskata. "Kullum suna raina, su shidan nan. Gaya mini gaskiya, da ka gan shi a takalminka me ka yi?"

Da na yi ƙarya a nan, da yau ina kan kujerata. Amma na yi mako guda ina rantsuwa ni ba maƙaryaci ba ne, sai gaskiyar ta fito da kanta, ina ma dariya.

"Kuka na yi, Doña Oti. Duk yaran layinmu ja suka samu. Suka yi ta tsokanata wai nawa ba zakara ba ne, aku ne. Na jefa shi bayan gado don haushi, babana ya tsinto ya adana. Shi ya sa ma kika ga ko ƙwarzane babu a jikinsa."

Ba ta yi dariya ba. Ta gyaɗa kai sau biyu, ta ɗaga ido ta dubi agogon bango.

"Ƙarfe biyu ta kusa, ba za ka bar gidan nan da yunwa ba. Ga wake a wuta. Ungo ƙyallen nan, je ka kwanar layi ka karɓo mana tortiya, wainar masarar nan, ƙafafuna ba sa kai ni yanzu."

"To, bari in mai da shi tukuna," na ce, na miƙa hannu.

Ta rufe shi da tafukanta biyu ta manna a ƙirji.

"Bar mini shi in gan shi da kyau. Shekara nawa rabona da shi."

Ko 'yata ban taɓa bari ta riƙe zakaran nan ba. Amma ta yaya zan ɓamɓare yatsun tsohuwa, a ɗakinta, ita ce kuma kaɗai shaidata a duniya? Na karɓi ƙyallen na fita.

Layin tortiya na ƙarfe biyu ne, mutum ya fi ashirin a gabana, injin yana ta ƙara yana tofo su ɗaya-ɗaya. Ban damu ba. Na tsaya ina tsara abin da zan faɗa wa Likita, ina gyara shi ina ƙara masa yaji. Har na buga wa Nabor waya.

"Kompadre, gaya wa Likita gobe ya zo da hula mai sauƙin cirewa."

"Ka samo shaida?"

"Kai dai faɗa masa."

Na fi rabin awa kafin layi ya zo kaina.

Tun daga ƙofar ƙarfe warin tina ya doki hancina, ruwan nan da ake wanke fenti da shi. Na tura ƙofar. A tsakiyar tebur, cikin tumakin yumɓu, ga zakarana a tsaye kan murfin kwalba. Hularsa ja wur, ɗanya, tana ƙyalli. A gefensa ga dunƙulen auduga da ya rine kore.

"Ba a ɗora fenti a kan fenti," in ji Doña Oti, tana goge burushi. "Sai da na wanke shi tas, har cikin zankon. Kada ka taɓa, sai ya yi awa guda."

Tortiyar tana ƙona mini hannu ta cikin ƙyalle, na kasa ajiyewa. Ba zan ɓoye ba, a wannan minti na tsani matar nan. Na so in kurma ihu, in kifar da teburin da tumakinta, in tambaye ta wa ya aike ta. Sai na ajiye tortiyar na ɗauki audugar nan, ina dubawa kamar akwai yadda za a yi a matse ta a mai da shi.

"Ga naka, ɗana," ta ce. "Irin wanda sauran yara suka samu. Ka yi haƙuri, ya zo a makare."

Murmushi take yi, hawaye yana gangarowa ta ƙarƙashin tabaran.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba. Ga ƙofa, ga auduga, ga ita kanta da bakinta. In sa ta a tasi gobe in kai ta Lagunilla, ko in ɗauki muryarta yanzu. Na ciro wayar.

"Doña Oti, ki taimake ni ki maimaita abin da kika gaya mini ɗazu, in ɗauka. Akwai mutanen da ya kamata su ji. Littafi ma za a buga."

Fuskarta ta sauya nan take. Ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu jan fenti.

"Littafi? A'a, don girman Allah, ɗana. 'Ya'yana ba su sani ba, suna ƙanana lokacin. Ce musu na yi kamfanin ne ya rage mutane. Sun tashi suna bugun ƙirji uwarsu ba ta taɓa ɓata aiki ba. Maƙwabtan da suka gani duk sun riga ni tafiya. Na gyara ko ban gyara ba? To a bar shi a ɗakin nan. Yi mini alkawari."

Ina iya yi mata bayani. Ina iya gaya mata cewa abin da take kira kuskure shi ne ya sa ake miƙe mini a kasuwa, kuma yanzun nan ta wanke shi da tina. Na dubi fuskarta na ga in na faɗa, na sake zazzage mata buhun nan a titi ke nan, ta sake ɓata aiki, wannan karon kuma babu gyara.

"Na yi alkawari," na ce.

Muka ci wake. Ban ji ɗanɗanon komai ba, amma ta ƙara mini na cinye. Da awa ta cika ta taɓa hular da bayan farce, ta kwantar da shi kan audugarsa da kanta ta rufe.

Lahadi ina iya zama a gida, amma na tafi. Nabor ya riga ya baza labari, teburin ya cika har da 'yan kallo daga masu gwanjo. Likita ya zo da hularsa ta ganye, yana murza bakinta da yatsa. Na buɗe kujerata na zauna, na ajiye gidan tabaran a tsakiya na buɗe. Warin sabon fenti ya tashi.

"Ina koren?" in ji Likita.

"Shi ne wannan."

"An sake masa fenti."

"An sake."

"Yaushe?"

"Jiya."

"Wa ya yi?"

Nabor ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Kompadre, yi magana mana! Ba kai ka ce mini a zo da hula ba? Ina shaidar?"

Sunanta yana kan harshena, da lambar gidan, da ƙofar katako. Audugar nan mai kore tana aljihun rigata, naɗe a takarda. Na san abin da zai biyo baya in na faɗa. Kafin la'asar mutum goma za su cika mata ɗaki da tocila da wayoyi, su kankari ƙofarta, su sa ta maimaita labarin taɓon nan a gaban 'ya'yanta, sannan a buga shi da hotonta. Na bar audugar a aljihu.

Likita ya ɗauki zakaran da yatsa biyu, ya ciro gilashinsa na ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa, ya juya shi, ya sake dubawa. Da ya ɗago, babu izgili a fuskarsa, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Na duba zakaru sun fi ɗari uku," ya ce. "Zagayen idon nan, ja ɗaya ba a ɗaga hannu ba, ban taɓa ganin wanda ya iya kwaikwayonsa ba. Ba don warin ba, da na rantse daga buhun Tres Palomas ya fito. Don Anselmo, ashe hannunka ya kai haka? Lallai mun raina ka."

"Na gode, Likita," na ce.

Na rufe gidan tabaran na sa a aljihu. Na miƙe na naɗe kujerata. Babu wanda ya tashi, Nabor ma ƙasa yake kallo. Masu gwanjo suka buɗe mini hanya, wani ya ce wani abu a kan 'yar tsana, ban juya ba.

Sai da na kai bakin tashar jirgin ƙasa na tsaya a inuwa, na jingina da bango, na ciro shi na buɗe. Yana kwance kan auduga, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, hularsa ja wur, zankon a tsaye, irin na sauran yaran layinmu sak. Abin da har yau ban yafe wa kaina ba shi ne, a wannan lokacin, da kujerata a hammata da sunana a kan hanyarsa ta zuwa shafin jabu, sai da na ji daɗi.